Rabin da Baba Ya Bar wa Shaiɗan

Ina tsaye a bakin rumfar Kawu a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, lokacin da labarin ya iso. Hantsi ya ɗaga. Na gama isar masa da saƙon mahaifina ke nan, shi kuma yana goge hannu da tsumma yana murmushi, bai kai ga ba ni amsa ba. Sai wata motar haya ta Argungu ta tsaya a gefen titi. Direban ɗan unguwarmu ne. Ya fito ko ƙofa bai rufe ba, ya zo ya durƙusa a gabana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya je shagona a Badariya, aka ce ina nan.

Ya ce, "Sai haƙuri. Baba ya cika bayan asuba. Kai ake jira."

Na yi salati. Kawu ya daina goge hannu. Ya ninke tsumman nan baƙi, ya sake ninke shi, ya ajiye a kan teburi kamar wani kayan ado. Sannan ya jawo ƙofar rumfa ya rufe, ya riga ni shiga motar.

Kawu ba jininmu ba ne. Mutumin ƙasar Zuru ne, Kirista, makaniken injin ban ruwa. Mahaifina kuwa Bakabe ne na Argungu, manomin shinkafa da damina, albasa da rani. Karatunsa na allo ne da abin da ya tsinta a zauren malamai. Sun haɗu a shekarun da injinan ban ruwa suka fara shiga fadama, muna jihar Sakkwato a lokacin, ba a yanke Kebbi ba. Baba ya sayi inji bai san ko ta ina ake tada shi ba, aka haɗa shi da Kawu, daga nan suka ƙulle. Baba yana ce masa Na-Zuru, shi yana ce wa Baba Bakabe, mu 'ya'yan gida muna ce masa Kawu.

Idan Baba ya kabbara salla a bakin fadama, Kawu kan kashe inji har ya sallame. Da layya cinyar rago ta Kawu ce, ba a tambaya. Da Kirsimeti shi kuma yakan aiko da zakara da ransa, don Baba ya yanka da hannunsa. Inna tana cewa tun da aka aure ta ba ta ga Baba ya cinye tuwo yana dariya ba sai ranar da Na-Zuru ya zo.

Abin da ya raba su ƙaramar roba ce, wadda ke riƙe ruwa a cikin inji. Wani rani, Baba ya gama dashen albasa ke nan, injin ya fara ja da kyar. Kawu ya zo ya buɗe, ya ga robar ta cinye, ba shi kuma da sabuwa a jaka. Yamma ta yi, motar ƙarshe ta Birnin Kebbi tana lodi a tasha. Sai ya juya tsohuwar ya mayar, ya ɗaure, ya ce wa Baba ya gyaru. Injin ya yi aiki kaɗan ya tsaya. Baba, saboda yarda, bai taɓa kawo robar a ransa ba. Ya canza tiyo, ya ƙara haƙa rami, ya yi ta fama, fangulan da ke nesa da ruwa suna bushewa. Kafin wani makanike ya buɗe ya nuna masa, yawancin dashen ya ƙone.

Baba bai yi hayaniya ba. Ya hau mota ya zo Nasarawa, ya ajiye tsohuwar robar a teburin Kawu, ya ce, "Ga amanarka." Ya juya ya koma tasha.

Matan ne suka matsa, Inna da matar Kawu, har aka sa ranar sulhu a zaurenmu. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, ni ma ina nan, don a lokacin na yi aure na buɗe shagon ɗinki.

A wajenmu sulhu yana da hanyarsa. Ba a tone-tone. Babba zai yi nasiha, wanda aka ɓata wa ya ce sharrin Shaiɗan ne, mai laifi ya ce haka ne, Allah ya kiyaye gaba. Sai a yi hannu, a shafa addu'a, a kawo fura. Kowa a zauren ya san wanda ya yi laifin, amma ba mai fita da kunya. Tun ina yaro haka na ga ana yi, ban taɓa ganin an kuskure ba.

Liman ya yi nasiharsa. Baba ya gyara zama ya ce, "Ni dai na san Na-Zuru. Wanga abu Shaiɗan na yas shiga tsakaninmu. Ya wuce." Ya miƙa hannu.

Kawu ya dubi hannun, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Dattawa, ku gafarce ni. Ba Shaiɗan ba ne. Ni ne. Na ga robar ta mutu, na san ba za ta kai ba, na mayar da ita don kada mota ta bar ni. Bakabe, ka yafe mini a kan haka."

Mai unguwa ya shiga gyaran rawani.

Baba ya ce, "Na-Zuru, na ce Shaiɗan na."

"Ni kuma na ce ni ne."

"Kai, ka ji mutum. Ana ba ka riga kana yar da ita ƙasa."

"Rigar ba tawa ba ce, Bakabe."

Baba ya janye hannunsa, ya tashi ya shige cikin gida. Furar da Inna ta dama ranar nan mu muka shanye ta da yara. Ba a yi hannu ba, ba a shafa addu'a ba.

Daga ranar ba su sake zama wuri ɗaya ba. Amma kuma ba su rabu ba, kuma ni na zama hanyarsu. Duk ƙarshen mako nakan je gida. Idan zan dawo, Baba zai miƙo mini ƙullin kifi banda ya ce, "Ka kai ma matar wancan mutum. Ban ce shi ba." Kawu kuma zai ba ni sabuwar roba da filogi a leda ya ce, "Ka kai wa injin. Ban ce Bakabe ba." Zakaran Kirsimeti bai fasa zuwa ba, cinyar layya ma haka.

Wata rana ina ɗaure kaya a bayan mota, Baba ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Ka tambayo min shi. Su wajensu Shaiɗan ɗin ina yah hito, da har ya samu lauya a Nasarawa?"

Na kai saƙon yadda aka ba ni. Kawu ya yi dariya har ya ajiye sufana. Ya ce abin da aka koya musu tun suna yara shi ne, Shaiɗan da can mala'ika ne mai kyau da haske, girman kai ya shige shi, ya so ya ɗaukaka kansa, aka jefo shi ƙasa tare da waɗanda suka bi shi. Kuma shi ne ya zo wa iyayenmu na farko a siffar maciji a cikin lambu.

Da na faɗa wa Baba, ya girgiza kai. Ya ce mala'ika ba ya saɓo. Ya ce aljani ne, da wuta aka yi shi, aka ce ya yi sujada ga mutum na farko ya ƙi, wai ya fi wanda aka yi da yumɓu. Sai ya ƙara da cewa, "Amma girman kai dai mun haɗu a kai, mu da su. Ka ce mai ya nemi madubi ya duba."

Kawu ya ce in gaya masa madubin ɗaya ne, su riƙa karɓa-karɓa.

Haka abin ya ɗore, har na fara jin daɗinsa. A mota nakan riƙa maimaita maganar a raina don kada in rage ko in ƙara, domin kowannensu yakan tsare ni ya ce, haka ya faɗa, ko kai ka gyara? Ban taɓa gyarawa ba. Sau da yawa na so.

Akwai ranar da na tarar da Kawu ba aiki, ya sa aka kawo mana shayi, ya ce yau zai ba ni saƙo mai tsawo. Ya ce a cocinsu na gida akwai wani tsohon malami da ya yi karatu mai zurfi, shi ya taɓa nuna musu wani abu da bai manta ba. Sashen farko na littafinsu daga Yahudawa suka gaje shi, kuma idan ka bi shi a hankali, Shaiɗan ba shi da girman da yake da shi a bakin mutane yanzu. A labarin lambu, maciji kawai aka ce, sai daga baya masana suka ce ai shi ne. A labarin bawan Allah mai haƙuri, wanda aka jarraba da cuta da asarar 'ya'ya, Shaiɗan yana shigowa ne cikin masu hidima a gaban Ubangiji, kamar mai gabatar da ƙara a kotu. Yana yawo a duniya yana duba aibin mutane, ya zo ya kai ƙara, kuma ko gashin mutumin nan bai taɓa ba sai da aka ba shi izini. Ya ce malamin ya gaya musu Yahudawa da yawa har yanzu haka suke kallonsa, bawa ne da aka ba mummunan aiki, kuma sun fi maganar mugun son rai da ke cikin zuciyar mutum da kansa.

Ya ƙara da labarin wani sarki da ya ƙidaya jama'arsa, abin ya zama laifi. Ya ce an ba da labarin a wuri biyu. A na farko ba a ambaci Shaiɗan ba sam, sai a na baya aka ce shi ya zuga sarkin.

Ya ce, "Ka gaya wa Bakabe ban ce babu shi ba. Akwai shi, ina tsoronsa. Amma ranar nan a fadama ban gan shi ba. Mota na gani. Kuma tunda aikinsa kai ƙara ne, gara in riga shi faɗin laifina da bakina. Idan ya zo da takardarsa ya tarar an gama, ya rasa abin yi."

Na sami Baba a fadama yana buɗe wa fangali ruwa da fartanya. Na tsuguna a kan kunya na zayyana masa duka. Da farko bai katse ni ba. Da na kai kan sarkin nan sai ya ɗago ya ce, "To ka gani. Su ma da sunka zauna sunka yi tunani, sai sunka rufa ma sarkinsu asiri. Mutanen kirki." Da na kai ƙarshe kuma ya dogara da fartanya ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Ashe aikin Shaiɗan ɗin ya karɓa. Shi ad da ƙara, shi ad da laihi. Ka ce mai ya bar ma mai aiki aikinai, ya koma ga inji."

Na ce, "Baba, amma ai gaskiya ya faɗa."

Ya daɗe yana kallon ruwan yana bin fangali. Sannan ya yi maganar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, da murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Kana zaton ban sani ba? Na san shi yam mai da roba. Ko liman ya tuna min, wai ranar hisabi Shaiɗan da kainai za ya ce shi kira kawai ya yi, kowa ya zargi kainai. Na san wannan tun kahin a haihe ka. Maganar da niy yi a zaure ba don Allah ya ji ba ta, Allah ya riga ya sani. Don mai unguwa ta, da liman, da kai. Mutum ya ci tuwo gidana shekara da shekaru, in bari ya durƙusa gaban ɗana ya ce shi maci amana na? In na amsa mai a haka, na yarda ke nan a riƙa hwaɗi. Ba ni iyawa."

Wannan ne kaɗai saƙon da ya ce kada in kai, ban kuwa kai ba sai bayan rasuwarsa. Amma a ranar na gane inda abin ya tsaya. Baba ba zai karɓi tuban da zai kunyata abokinsa ba. Kawu kuma ba zai karɓi yafiyar da aka yi wa wani ba shi ba. Ya taɓa ce mini, "Idan Shaiɗan aka yafe wa, ni har yanzu ina ɗauke da kayana." Kowannensu yana riƙe da nasa ne saboda ɗayan, kuma shekaru suna tafiya. Ƙafafun Baba sun fara kumbura. Kawu ya fara sa tabarau kafin ya ga kan noti.

Zuwana na ƙarshe, na tarar da Baba a zaure da rana, abin da ba ya yi lokacin albasa. Ya ce jiki ne kawai ya yi nauyi. Da zan tafi ya ba ni kifin kamar kullum, amma bai ce na matar wancan mutum ba ne. Ya ce, "Ka kai ma Na-Zuru." Sannan ya riƙe hannun rigata.

Ya ce, "Ka ce mai na sauko. Mu raba. Rabi nashi, rabi na Shaiɗan. Shi ya hwaɗi rabinai, ni in hwaɗi rabin wancan, mu yi hannu. Ba sai an kira mai unguwa ba. Ya taho ran kasuwa, Innarku ta yi tuwon shinkahwa."

Na ce, "Baba, kamar cinikin albasa?"

Ya ce, "Awo. Kuma ka hwaɗa mai ban ƙara ko kwabo."

Aiki ya riƙe ni a shago, akwai ɗinkin biki, sai da na kwana biyu kafin na leƙa Nasarawa. Saƙon da na gama faɗa ke nan, Kawu yana goge hannu yana murmushi, motar nan ta tsaya.

A hanya Kawu ya zauna a gaba kusa da direba, ni ina baya ina kallon ƙeyarsa. Wajen rabin hanya ya juyo ya tambaye ni ko Baba ya sha wahala. Direban ne ya amsa, ya ce a'a, ya yi salla ya kishingiɗa ne kawai.

Da aka fito da Baba aka jera sahu, Kawu ya koma gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu ya tsaya, hannuwansa a haɗe. Kafin a kabbara, liman ya juyo ya yi abin da aka saba, ya roƙi duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa. Mutane suka amsa, mun yafe, Allah ya yafe mana. Daga gindin bishiyar na ji muryar Kawu ita kaɗai, ta ɗan makara, ya ce, "Bai yi mini komai ba." Ya bi mu har maƙabarta, ya tsaya daga bakin shinge har aka gama.

Washegari ana zaman makoki na neme shi a zaure ban gan shi ba. Inna ce ta ce tun da safe ya karɓi makullin ɗakin inji. Albasa ba ta san an yi mutuwa ba, kuma a cikinmu ba wanda ya tuna da ita. Da la'asar na bi shi fadama. Na same shi ya naɗe wando, yana buɗe wa fangali ruwa da fartanyar Baba, bai iya ba sosai, ruwan yana tsallake kunya. Da aka kira salla daga gari, ya je ya kashe injin, duk da ba mai salla a wurin sai ni.

Bayan na sallame muka zauna a bakin rami. A nan na faɗa masa maganar da Baba ya hana ni kaiwa, ta mai unguwa da liman da ni. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce, "Na sani. Shi ma ya san nawa dalilin."

Na ce masa ni ne babba a gidan yanzu, kuma a madadin Baba na yafe, rabi da rabin duka. Ya dafa kafaɗata ya ce ya gode, Allah ya yi mini albarka, amma albasar da ta ƙone ba tawa ba ce, hannun ma ba nawa ba ne.

Na ce, "To Kawu, da me za ka ce wa Baba? Ka yarda da rabin?"

Ya yi ɗan murmushi irin na ranar nan a rumfa. Ya ce, "Amsar ta Bakabe ce. Kai ɗan aike ne."

Ya ci gaba da zuwa duk rani yana duba injin, har ƙarfinsa ya ƙare 'ya'yansa suka mayar da shi gida. Zakara bai fasa zuwa ba, ni nake yankawa. Na sake tambayarsa sau ɗaya, ranar da ake loda kayansa a mota, ya ce in gaida Inna.

Ban san ko ya karɓi rabin ba. Hannun da aka fara miƙawa a zaurenmu ba a yi shi ba.